Bakancen Madina Mai Masa

Duk wanda ya saba bin titin Angwan Iya a Keffi da sassafe ya san Madina mai masa, in bai san sunanta ba ya san hayaƙinta. A bakin kwalbati take zama, gefen shagon mai faci, da tsohuwar tandarta da robar ƙullu da tukunyar miyar taushe. Ma'aikatan da ke sammakon zuwa Abuja a wurinta suke karyawa a tsaye, ɗalibai kuma su zo da ciniki kamar za su sayi gida. 'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, busasshiya, ga kaifin baki in ka nemi gyara. Bayan masa, abin da aka fi saninta da shi azumi ne. Yau ta ci, gobe ta ɗauka, rani da damina, tun ba a san ta fara ba har aka daina mamaki. Wasu matan unguwa suna cewa baiwar Allah ce, wasu suna taɓe baki su ce riya ce, kuma dukkansu babu wadda ta san dalili.

Daga Tudun Ƙofa aka kawo ta amarya gidan Abubakar Sadiƙ tela. Shekara na zagayowa ta haifi namiji, aka raɗa masa Izzuddeen. Ɗan fari ne, kuma a irin gidajensu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Ana yaye shi uwar mijinta, Hajiya Rahamatu, ta kwashe shi zuwa ɗakinta, da ma haka aka gada. Yaro ya tashi yana kiran kakarsa Inna, mahaifiyarsa kuwa Yaya, sai ka ce wata 'yar riƙo ce a gidan. Ita ma in ta kama dole sai ta ce "yaron nan" ko "ɗan Hajiya". Matan gida suka yi ta yaba ta, wai yarinya mai kunya, an ga tarbiyya. Yabon nan ne ya cuce ta, don tun da ta ɗanɗana shi ba ta ƙara samun hanyar fita daga cikinsa ba.

Yaron bai shiga makaranta ba sanƙarau ya shigo gari da zafin bazara, ya kama shi. Wuya ya sandare, ido ya juye. Aka ɗauke shi sai asibiti. Kaka ta bi, uba ya bi, har gwaggon da ba ta taɓa goya shi ba ta yafa gyale ta bi tana salati. Uwar kuwa aka bar ta a gida ta dafa abin da za a kai wa masu jinya. Wa ya taɓa ganin uwar ɗan fari ta bi ɗanta asibiti tana kuka? Ai sai a yi ta faɗa har jikoki. Madina ta shiga madafa, ta cusa ɗanyen ice a murhu don hayaƙi ya zama hujjar hawayenta, a nan ta yi bakance. Ta ce ya Allah, in ka bar mini yaron nan, zan yi azumin Annabi Dawuda, yau ci gobe azumi, muddin yana numfashi a duniya. Ba ta yi shawara da kowa ba, ba ta kuma sa wa abin iyaka ba, don mai tsoro ba ya ciniki. Yaro ya tashi, kunnensa ɗaya ya ɗan yi nauyi, shi ke nan abin da ciwon ya ɗauka. Madina ta fara biya.

Ba ta gaya wa mijinta ba har ya koma ga Allah, ba ta gaya wa Hajiya Rahamatu ba har ita ma ta bi shi. Faɗar abin a wurinta daidai yake da ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce tana son ɗanta, kuma gara mata ta fita kasuwa babu ɗankwali. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bayan rasuwar tela ne ta fito bakin titi da tanda, don ga Hamdiya, autarta, tana makaranta. Wuta a gaba, rana a ka, gumi na bin baya. Ranar azumi babu ruwa har magariba. Ranar da ba ta azumi ma kurɓa kawai take yi, saboda mace a bakin titi in fitsari ya matse ta ina za ta nufa? Namiji ya tsuguna bakin kwata ya gama abinsa ya miƙe, mace kuwa sai ta riƙe har ta koma gida. Haka jikin Madina ya yi shekaru yana roƙon ruwa ana ba shi haƙuri.

Sau ɗaya ta taɓa saɓawa. Taifot ta kwantar da ita, Hamdiya ta tasa ta gaba da kuka da kofin shayi, ta sha azumin kwanaki. A cikin kwanakin nan ne motar hayar da Izzuddeen ke ciki ta yi karo da tirela a wajen Masaka. Aka rasa rayuka, shi ya tsira da karaya a cinya. Mutane suka ce gudun direba ne, suka ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Madina ta san abin da ta sani. Da ta ji sauƙi ta je zauren Malam Jibril, ta tsuguna daga bakin ƙofa, ta ce wai wata ƙawarta ce ta yi bakancen azumi, ga shi jiki ya fara gazawa. Malam ya ce a gaya wa ƙawar Allah ya ɗauke wa mara lafiya, ta yi kaffara ta huta, Ubangiji ba ɗan kasuwa ba ne da zai ƙwace kayansa don an makara. Ta ce ta gode, Allah ya ƙara sani. A hanya kuwa ta ce a ranta Malam da littafi yake magana, ba shi ya ga ƙafar yaron a rataye da ƙarfe ba.

Ita ta gani, amma daga bakin ƙofar ɗakin jinya. Ta ajiye kwanon abinci, ta ce "Sannu," ta juya. Izzuddeen ya bi bayanta da kallo, ya kuma ajiye wannan a inda yake ajiye sauran.

Don shi ma yana da tasa ajiyar. Ya girma, ya yi karatu, ya sami aiki a wata ma'aikata a Abuja, ya kama gida a Mararaba. 'Yan zamaninsa ba su san wata kunyar ɗan fari ba. Shi da kansa yake saɓa 'yarsa ta fari a kafaɗa, hotonta ne a fuskar wayarsa, yana kiran sunanta har a gaji da ji. In ya zo Keffi ya durƙusa ya gaida Madina, sai ta amsa tana kallon bango, ta tambayi matarsa, ta tambayi hanya, ta tashi ta shiga madafa. Bai san cewa tun jiya take jiƙa shinkafar masar da za a sa masa a mota ba, bai kuma taɓa tambayar wa ya ce a sa ba. Yana sauke haƙƙi daidai gwargwado, buhun shinkafa da azumi, atamfa da salla, amma zuciyarsa ta daɗe da yanke hukunci cewa matar nan sallarta da azuminta kawai ta sani. Mutum ya ji haushinsa, amma da wuya ya ga laifinsa.

Ciwon kwiɓi kuwa ya daɗe yana zuwar mata. A garin nan duk ciwon da ya sauka ƙasan haƙarƙarin mace sunansa sanyi, kuma kowa likitansa ne. Ta sha jiƙo, ta sha kanwa, ta sha wani baƙin ruwa da mai lasifika ke sayarwa a bakin tasha, wanda ya ce yana maganin cuta arba'in har da baƙin jini. Ɓangaren hagu ya yi shekaru yana murɗa ta, wata rana ya yi shiru bai ƙara motsi ba. Madina ta yi ta sa wa mai lasifika albarka, har ta tura masa mata biyu.

Sai bara na dama ya tashi. Wata safiya tana juya masa ciwon ya soke ta tun daga baya har mara, ta kife gefen tanda tana amai, mai faci ne ya janye ta daga wuta. Hamdiya, wadda yanzu take koyarwa a wata firamare a Gangaren Tudu, ta baro aji ta sa ta a keke napep sai babban asibiti. Fitsarin da aka karɓa ja ne kamar zoɓo. Aka shafa mata mai a ciki aka yi irin hoton da ake wa masu juna biyu, aka ce akwai tsakuwa a ƙoda. Amma likitan da aka tura su wurinsa, wani dogo mai suna Natan, ya ce wannan hoton inuwa kawai yake nunawa. Kafin ya taɓa ta sai ya ga yadda aka gina ƙodar tata ciki da waje, don ƙoda kamar gida ce, kowa da irin tsarin ɗakunansa. Ya rubuta a yi mata siti sikan.

Ɗakin hoton sanyi ne da shi kamar cikin firji. A tsakiya ga wata ƙatuwar na'ura mai rami, kamar an tayar da bakin rijiya tsaye, da siririn gado a gabanta. Ma'aikaciyar wurin, Filomina, ta taimaka mata ta hau.

"Mama, ki cire ɗan kunne da duk wani ƙarfe. In akwai laya a ƙugu ita ma a cire, ba na gaya wa kowa."

Madina ta dubi ramin. An ce mata abin nan yana ganin cikin mutum tas, ita kuwa cikinta ba wurin shiga ba ne.

"'Yar nan, har me da me yake gani?"

Filomina ta yi dariya. "Nama da ƙashi da dutse kawai, Mama. In na ce ki riƙe numfashi, ki riƙe."

Gadon ya shige da ita, na'urar ta yi gurnani, ta riƙe numfashi. Riƙewa ai sana'arta ce. Kafin ta gama karanta Ƙulhuwallahu an fito da ita.

Da suka koma wurin Likita Natan ya juya musu fuskar kwamfuta. Hausarsa ta ɗan karkace irin ta mutanen Akwanga, amma ba ya kwana-kwana. Ya ce na'urar ta yanka hoton jikinta fale-fale kamar yadda ake yanka doya za a soya, shi kuma yana ɗaga yankan ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan wani ɗan abu da ya motse kamar busasshen tumatir.

"Wannan ita ce ta hagu. Mama, kin taɓa yin ciwo a nan ya daina da kansa?"

"Na yi. Magani na sha."

"Ba magani ba ne. Tsakuwa ce ta toshe mata hanya, ta yi ta kumbura har ta gaji ta mutu. Shi ya sa kika daina ji."

Hamdiya ta dafe baki. Madina kuwa matan nan biyu da ta tura wa mai lasifika ne suka faɗo mata a rai.

Ya matsa zuwa dama. Can cikin ƙodar ga wani abu fari fat mai rassa, kamar ɗanyar citta. Ya ce wannan ce tsakuwar, ta cika tsakar ƙodar ta miƙa yatsu cikin aljihunanta. Ya ce akwai injin da ke farfasa tsakuwa daga waje ba tare da an taɓa fata ba, amma farin nan da suke gani yana nuna taurinta, injin ba zai iya da ita ba. Ko ya iya ma, aljihun ƙasa na ƙodar Madina wuyansa siriri ne, ga shi ya lanƙwashe, ɓaraguzan ba za su sami hanyar fita ba. A bi ta mafitsara a hau sama kuma, tsakuwar ta yi girma. Abin da ya rage shi ne a huda ta baya, ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe, 'yar ƙofa kamar kaurin yatsa, a shiga a fasa a kwashe. Ya nuna musu inda babban hanji ya kwanta dab da ƙodar, ya ce ba don hoton nan ba da ta nan zai shiga, kuma da ya yi ɓarna. Ya ɗora bakin biro a wani wuri sama kaɗan, ya ce ta nan ne kaɗai.

"Da biyu ne, in ɗaya ta ji ciwo akwai ta ajiya," in ji shi. "Ɗaya ce. Kuma yanzu akwai ƙwayar cuta a ciki, jininki ma ya nuna ƙodar ta gaji. Ba zan huda ta a haka ba. Mama, yaya kike shan ruwa?"

Madina ta dubi ƙasa. Hamdiya ce ta fasa ƙwan, ta faɗi azumin tun daga farkon abin da ta sani. Likita ya ajiye biro.

"Ni ba malami ba ne, Mama, addininki kin fi ni sani. Ƙoda na sani. Daga yau za ki sha ruwa safe da rana da yamma har fitsari ya yi fari, ga magani kuma har da na tsakar rana. In jini ya gyaru mu yi aiki. In kin ci gaba da busar da ita, za ta bi 'yar'uwarta, daga nan sai wankin ƙoda har ƙarshen rai."

Ta ce to. Madina ba ta taɓa yi wa babba musu ba, ko da ɗan cikinta ne a shekaru. Suka koma gida, washegari ta tashi da azuminta, ta haɗa maganin rana da na dare ta haɗiye bayan magariba. Hamdiya ta yi roƙo, ta yi fushi, ta kawo Malam Jibril har tsakar gida ya maimaita abin da ya taɓa faɗa wa ƙawar da babu ita. Madina ta ce to. Da suka koma asibiti aka sake auna jini, likita ya duba ya girgiza kai, ya ɗaga ranar aiki. A bakin ƙofar asibitin Hamdiya ta kira yayanta tana kuka.

Ranar Asabar bayan la'asar ya iso, ranar kuwa ta azumi ce. Ya shigo da katan ɗin ruwan roba a kafaɗa ya dire a tsakar gida. Madina na zaune a tabarma ta jingina da bango, hannu ɗaya a kwiɓi, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Ya ce Hamdiya ta kawo kofi. Ya fasa roba ɗaya ya tsiyaya, ya durƙusa a gabanta, kusa da ita fiye da yadda ya taɓa yi tun yana yaro.

"Yaya, ki sha."

"Rana ta yi sanyi. Bari a kira magariba."

"Ba na magariba nake so ba. Yanzu nake so, a gabana."

Ta kau da kai. Ya gyara durƙuso.

"Na yi magana da likitan. Ya nuna mini hoton a waya, na gani da idona. Ƙoda ɗaya ta rage miki. Malamai sun ce ki sha, likita ya ce ki sha. Wannan wane irin azumi ne da ya fi na Annabi?"

"Kai dai ka bari."

"Ba zan bari ba." Muryarsa ta fashe. "Tun da na yi wayo ban taɓa roƙonki komai ba. Ban ce ki kira sunana ba, ban ce ki zauna kusa da ni ba ranar da nake kwance da ƙarfe a ƙafa, kika ajiye kwano kika juya kamar an aiko ki. Na haƙura, na ce haka Allah ya yi ki. Yau abu ɗaya na roƙa. In ina da wani matsayi a wurinki ko na ƙwayar gero, ki karɓi ruwan nan."

Maganar bakancen na nan a maƙogwaronta, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ta buɗe baki. Hamdiya na tsaye, matar maƙwabta ta leƙo ta katanga, ga shi kuma shi kansa ya kafe ta da ido. Harshen da aka ɗaure tun tana amarya ya ƙi kwancewa a yini ɗaya. Ta ji tausayinsa har cikin ƙashinta, ta ji haushin duk matan da suka taɓa yaba mata kunya, ta miƙa hannu ta taɓa kofin. Sanyinsa ya ratsa yatsunta. Sai ta tambaye shi abin da ya fi damunta.

"Kwana za ka yi?"

"A'a. Yanzu zan koma, gobe ina da uzuri."

"Ta Masaka?"

"To da ta ina?"

Ta janye hannunta ta mayar cikin zane.

Izzuddeen ya daɗe yana kallonta. Ya ajiye kofin a gefen tabarma a hankali, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Hamdiya, duk abin da asibiti suka ce a kawo ki gaya mini, zan turo. Amma kar ki ƙara kirana in zo in yi roƙo. Na ji amsata."

Ya fita. Madina ta kasa kunne har ƙarar motar ta ɓace a cikin hayaniyar titi. Hamdiya ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta haɗa kai da gwiwa. Aka kira magariba, Madina ta ɗauki kofin ta sha, ruwan ya sauka ya tarar da ciwon yana jiransa. Ta yi salla a zaune, ta ƙi tashi daga kan sallaya, ta ƙi taɓa abinci.

Ana shirin kiran isha wayar Hamdiya ta yi ƙara. Matar Izzuddeen ce, tana tambayar me aka yi masa a Keffi ya shigo ya rufe ɗaki ba ya magana da kowa. Hamdiya ta ba ta haƙuri ta kashe.

"Ya isa?" in ji Madina.

"Ya isa, Umma. Ya ce ba zai ƙara zuwa ba."

"Lafiya lau ya isa?"

"Lafiya lau."

Madina ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa fuska da tafin hannu biyu.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Jibi ki tashe ni sahur."